DAVID DOUGLAS, MUTUMIN CIYAWA

A yammacin Amurka ta Arewa akwai wani babban kogi, sunansa Kolambiya. Yana tasowa daga cikin duwatsun Kanada, ya ratsa ƙasa mai nisa, sa'an nan ya faɗa cikin Tekun Fasifik. Kusa da bakin teku ruwan sama yana da yawa, saboda haka ko'ina kurmi ne, da itatuwa dogaye ƙwarai. Amma in mutum ya bi kogin ya yi gabas, ya ƙetare wani jerin duwatsu da a ke kira Kasked, sai ya ga ƙasa ta sake. Duwatsun nan su ke tare hadarin da ke tasowa daga teku, don haka a bayansu ruwa ba ya sauka sai kaɗan. Ƙasar faƙo ce, ga rairayi, ga tsakuwa, ga tsaunuka, ba inuwa, sai 'yan tsire-tsire gajeru.

Cikin tsire-tsiren nan akwai wani iri wanda mutanen can su ke kira bakwit na daji. Shi bakwit na gida wani abin shuka ne da a ke nomawa a Rasha da Sin da Japan da waɗansu ƙasashe masu sanyi. Ƙwayarsa tana da kusurwa uku, ana niƙa ta a yi gari, ko da ya ke shi ba dangin gero ba ne, ba kuwa dangin alkama ba. To, na dajin nan ɗan'uwansa ne na nesa, ba a noma shi, Allah ne ke shuka abinsa. Masana sun ƙidaya irinsa wajen 250, kusan dukansu kuwa a yammacin Amurka ta Arewa su ke. Yawancinsu gajeru ne, waɗansu ma shimfiɗe su ke a ƙasa kamar tabarma. Ganyensu yana da gashi mai laushi kamar auduga, gashin nan kuwa shi ke kare ganyen daga zafin rana da busasshiyar iska, don kada ɗan ruwan da ke cikinsa ya ƙafe. Furanninsu ƙanana ne, suna fitowa a dunƙule, waɗansu rawaya, waɗansu farare, waɗansu ja-ja. Ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi suna son su ƙwarai, mutanen ƙasar na asali kuma tun zamanin da su kan yi magani da waɗansunsu.

Wani Bafaranshe, André Michaux, shi ya fara ba su sunan da masana su ke kiransu da shi, watau Eriogonum. Ma'anarsa da harshen Girka gwiwa mai gashi, gama irin da ya gani a kudu maso gabashin Amurka yana da gashi a gaɓoɓinsa. An buga sunan cikin littafinsa a shekarar 1803. Amma da yawa daga cikin waɗanda ke fitowa a ƙasar Kolambiya, wani mutum dabam ne ya fara tsinko su ya kai wa masana. Labarinsa za mu karanta yau.

ƘURUCIYARSA

Sunansa David Douglas. An haife shi ran 25 ga watan Yuni, 1799, a wani ƙauye mai suna Scone, kusa da birnin Perth, a ƙasar Sikotlan. Ubansa magini ne mai sassaƙa dutse, ba mai arziki ba ne. Da yaron ya kai shekara 7 aka sa shi makaranta a Kinnoull, kullum sai ya taka wajen mil 3 zuwa, mil 3 dawowa.

Gaskiya ita ce, Douglas bai so zaman aji ba. Sau da yawa ya kan kauce hanya ya shiga daji, ko ya tafi kamun kifi, in ya komo kuwa ya sha hukunci. Abin da ya fi so shi ne tsuntsaye da ciyayi. Yana kiwon shaho da mujiya a gida, har 'yan kwabban da a ke ba shi don abincin rana ya kan sayi hanta da su ya ba 'ya'yan mujiyarsa, shi ya wuni da yunwa.

Da ya kai wajen shekara 11 ya bar makaranta, aka kai shi koyon aikin lambu a babban gidan wani basarake a nan Scone. Sarkin lambun, William Beattie, ya karɓe shi. Shekara 7 ya yi a hannunsa, yana haƙa, yana dashe, yana ban ruwa. A nan ne ya gane kuskurensa. Ya ga kowane tsiro yana da suna da Latin, akwai kuma littattafai masu bayyana asalinsa da danginsa, wanda bai yi karatu ba kuwa ba shi da hanyar sanin waɗannan. Yaron da ya guji makaranta sai ya koma neman karatu da kansa, yana aron littattafai, yana karantawa da dare bayan an tashi aiki. Har ya koma makaranta a Perth na ɗan lokaci, don ya ƙara lissafi da kimiyya.

A 1818 ya sami aiki a wani lambu a Valleyfield, maigidan kuwa ya yardar masa ya riƙa shiga ɗakin littattafansa. A 1820 ya koma babban lambun nazarin tsire-tsire na birnin Gilasgo. A can ya gamu da wani shaihun malami, William Hooker, mai koyar da ilmin tsire-tsire a jami'a. Hooker ya lura da shi, ya ga saurayi ne mai ƙwazo wanda ba ya gajiya, sai ya riƙa tafiya da shi cikin duwatsun Sikotlan neman tsire-tsire. Ya koya masa yadda a ke adana su. Ga yadda a ke yi. A tsinko tsiro da ganyensa da furensa, a shimfiɗa shi tsakanin takardu, a danne da allo da abu mai nauyi. Kullum a sake takardun, don kada laima ta ruɓar da shi. In ya bushe sai a rubuta inda aka same shi, da ranar, da irin ƙasar wurin. Tsiron da aka adana haka ya kan yi shekara ɗaruruwa bai lalace ba.

TAFIYA TA FARI

A zamanin nan akwai wata ƙungiya a Landan ta masu sha'awar aikin lambu. Ita ce ke aika mutane ƙasashe masu nisa su kawo irin shuka da babu a Ingila. Da su ka nemi wanda za su aika, sai Hooker ya ba su sunan Douglas. A 1823 su ka aike shi gabashin Amurka, ya samo musu irin itatuwa masu 'ya'ya, kamar tuffa da danginta.

Tun a wannan tafiya ya fara ɗanɗana wahalar aikin. Wata rana a Kanada ya tuɓe kwat ɗinsa ya hau itace, sai mutumin da ya ɗauka ya nuna masa hanya ya sure kwat ɗin ya sheƙa daji, da kuɗinsa da littafin da ya ke rubutu duk a ciki. Duk da haka ya komo Landan da kaya masu yawa, ya kuwa kashe kuɗi kaɗan. Ƙungiyar ta yi murna, ta ƙudura ta aike shi wuri mafi nisa, watau ƙasar Kolambiya.

ZUWA KOLAMBIYA

A watan Yuli, 1824, ya shiga jirgin ruwa na Kamfanin Hudson's Bay, masu cinikin fatun namun daji. A lokacin ba a haƙa mashigin Panama ba tukuna, saboda haka tilas jirgi ya gangara har ƙarshen Amurka ta Kudu, ya zagayo, sa'an nan ya yi arewa. Jirgin kuwa na iska ne, ba inji. Sun yi fiye da wata 8 a hanya. Da su ka iso bakin kogin ma, sai da su ka yi makonni suna jira, saboda hadari da raƙuman ruwa. Sai a watan Afrilu, 1825, su ka shiga.

Kamfanin yana da sansani a gefen kogin, ana kiransa Fort Vancouver. Shugaban wurin, Dokta John McLoughlin, ya karɓi baƙon hannu biyu. Daga nan Douglas ya riƙa fita, wani lokaci a kwalekwale, wani lokaci a kan doki, amma galibi a ƙasa. Kayansa kaɗan ne: bindiga, da bargo, da ɗan shayi, da damin takarda. In wuri ya ƙure cikin kwalekwale, ya gwammace ya rage tufafinsa da ya rage takarda.

Mutanen ƙasar na asali, waɗanda Turawa su ka laƙaba wa suna Indiyawa, sun yi mamakinsa. Sun saba ganin Turawa masu neman fatu, amma ba su taɓa ganin wanda ya ƙetaro teku don ganye ba. Sai su ka sa masa suna Mutumin Ciyawa. Ku sani kuwa, ba don su ba da aikinsa bai yiwu ba. Su ne su ka tuƙa shi a kwalekwale, su ka nuna masa hanya, su ka sayar masa da kifi, su ka gaya masa saiwar da a ke ci da wadda ba a ci. Abin da ya ke sabo ga masanan Turai, su sun san shi tun kaka da kakanni. Shi ma ya koyi harshen kasuwancin da a ke yi a bakin kogin, don ya iya tambayarsu.

A kurmin bakin teku ya tattara irin wani itace dogo, miƙaƙƙe, mai ganye kamar allura, wanda ya kan kai ƙafa 300 tsawo. Wani likita ɗan Sikotlan, Archibald Menzies, ya riga shi ganin itacen da fiye da shekara 30, amma Douglas ne ya aika da irinsa gida aka shuka. Shi ya sa har yau a ke kiransa itacen fir na Douglas. Katakonsa yana cikin mafiya amfani a duniya wajen gini.

CIKIN ƘASAR FAƘO

Da wani ne, da ya tsaya a kurmi, inda manyan itatuwa su ke, gama su ne masu jawo suna. Douglas bai tsaya ba. A 1826 ya hau kogin ya ƙetare duwatsun Kasked, ya shiga busasshiyar ƙasar nan da mu ka ambata. Ya yi watanni yana yawo tsakanin Walla Walla da Spokane da duwatsun da a ke kira Shuɗɗan Duwatsu.

Wahalar da ya sha a nan ba kaɗan ba ce. A fili rana ta ƙone shi, ƙishirwa ta dame shi, iska ta riƙa watsa masa rairayi a ido har idanunsa su ka kumbura. A kan duwatsu kuma hasken dusar ƙanƙara ya ƙara ɓata su. Sau da yawa abinci ya ƙare, sai ya ci saiwa, ko naman doki. Ya taɓa ƙetare kogi mai sanyi da iyo, yana ɗaga takardunsa sama don kada su jiƙe. Wani dare kuma waɗansu manyan ɓeraye su ka shiga inda ya ke kwance, su ka cinye irin da ya tara, su ka ɓarnata damin busassun tsire-tsire, har su ka ja askarsa su ka tafi da ita. Da gari ya waye sai ya sake farawa.

A wannan ƙasa ce ya durƙusa ya dubi bakwit na daji. Ba shi da tsawo, ba shi da katako, ba wanda zai yi arziki da shi. Matafiya da yawa sun taka shi sun wuce. Shi kuwa ya lura ba iri ɗaya ba ne. Wani fari fat ne da gashi, kamar an barbaɗa masa gari, yana son rairayin kwarin kogi. Wani furensa a dunƙule ya ke kamar ƙwallo, yana fitowa cikin tsakuwa. Wani ganyensa fāɗi gare shi kamar kan mashi, yana manne a gangaren dutse. Wani kuma ganyensa duk a gindi su ke, karansa tsirara ba ganye ko ɗaya. Ya tsinko kowanne, ya busar, ya raɗa masa suna, ya rubuta inda ya same shi. Bai raina ƙarami don ya ga babba ba.

A ƙarshen shekarar nan ya tafi neman wani itace wanda bai taɓa gani ba. Tun a 1825 ya ga waɗansu manyan ƙwayoyi cikin jakar tabar wani mutumin ƙasar, aka gaya masa itacensu yana can kudu. Bai manta ba. A watan Oktoba, 1826, bayan tafiya mai wuya cikin ruwan sama, ya same shi a ƙasar Umpqua. Ya auna wani da iska ta kayar, ya ga ya fi ƙafa 200. 'Ya'yan suna can ƙwanƙoli, ba dama a hau, sai ya riƙa harbinsu da bindiga. Ƙarar bindigar ta jawo mutum 8 na ƙasar, riƙe da baka da kibiya, ba su kuwa san abin da ya kawo baƙo mai harbi cikin dajinsu ba. Aka yi cirko-cirko. Daga baya ya nuna musu da hannu zai ba su taba in sun samo masa 'ya'yan itacen. Da su ka tafi nema, sai ya ɗauki guda 3 da ya harbo ya sulale. Wannan shi ne itacen da a ke kira fain mai sukari, wanda ya fi dukan danginsa tsawo.

KOMAWA GIDA

A 1827 ya bi ayarin Kamfanin ya ƙetare manyan duwatsun Roki, ya ratsa Kanada har bakin tekun Hudson, ya shiga jirgi. A kan hanya ya hau wani dutse ya sa masa suna Brown. A nan ya yi wani babban kuskure. Ya zaci tsawon dutsen ya kai ƙafa 16,000 ko fiye, alhali bai kai 10,000 ba. Masu zana taswira su ka gaskata shi, kuskuren ya zauna cikin taswira shekaru da yawa kafin a gyara. Kun ga, ko gwani in ya yi ƙiyasi bai auna ba, ya kan ɓata.

Ya iso Ingila a watan Oktoba, 1827. Bisa lissafinsa ya yi tafiyar fiye da mil 7,000 a ƙasar Amurka. Mutanen Landan su ka yi ta girmama shi, manya suna gayyatarsa gidajensu. Irin da ya aiko su ka tsira, masu lambu su ka yi ta rububinsu. Amma zaman birni bai karɓe shi ba. Ya zama mai saurin fushi, ya yi ta saɓani da mutanen ƙungiyar, littafin tafiyarsa ma da aka ce ya rubuta ya kasa gamawa. Hankalinsa duk yana daji. Sai dai ya yi amfani da zaman, ya koyi yadda a ke auna tsawon duwatsu da matsayin wurare da kayan awo, don aikinsa na gaba ya fi inganci.

TAFIYA TA ƘARSHE

A watan Oktoba, 1829, ya sake tashi, da ɗan karensa mai suna Billy. Ya isa Kolambiya a 1830, daga nan ya gangara Kaliforniya, wadda a lokacin tana hannun Meksiko. Ya yi fiye da shekara ɗaya da rabi a can, yana sauka wurin limaman Kirista, yana tattara furanni da itatuwa. Kaliforniya kuwa ita ce ta fi ko'ina yawan irin bakwit na daji.

Daga baya ya ƙulla wata babbar niyya. Yana so ya yi arewa har Alaska, ya ƙetare zuwa Sibiriya, ya ratsa Rasha ya koma gida ta ƙasa. A lokacin kuwa idonsa na dama ya riga ya mutu. A 1833 ya kama hanya, ya yi nisa cikin ƙasar da a yau a ke kira British Columbia, amma ya ga hanyar ba ta biyuwa, ya juyo. Ran 13 ga watan Yuni kwalekwalensa ya bugi duwatsu a kogin Fraser ya farfashe. Ruwa ya yi ta juyi da shi fiye da awa ɗaya kafin ya jefa shi gaɓa. Ya tsira da ransa, karensa ma ya tsira, amma tsire-tsire wajen iri 400 da ya tara sun tafi, littafin da ya ke rubuta labarin tafiyarsa shi ma ya tafi. Abin da aka adana aka aika gida shi ya wanzu, abin da ke cikin kwalekwalen kuwa ba wanda ya ƙara ganinsa. Wannan hasara ta karya masa zuciya ƙwarai.

Duk da haka bai zauna ba. A ƙarshen 1833 ya tafi tsibiran Hawai, a tsakiyar Tekun Fasifik. A farkon 1834 ya hau manyan duwatsun can guda biyu, Mauna Kea da Mauna Loa, kowannensu ya kusa ƙafa 14,000, ya kuma leƙa bakin dutse mai aman wuta.

A tsibirin akwai shanu da su ka zama na daji, maharba kuwa su kan haƙa ramuka masu zurfi su rufe da rassa don su kama su. Ran 12 ga watan Yuli, 1834, da safe, Douglas ya biya ta bukkar wani maharbi Bature a gefen Mauna Kea, aka nuna masa hanya, ya wuce. Ba a daɗe ba aka sami gawarsa cikin ɗaya daga ramukan nan, ga kuwa bijimi a ciki. Karensa yana can gefen hanya zaune, yana gadin ƙunshin kayansa. Waɗansu sun ce faɗawa ya yi, tun da ido ɗaya gare shi. Waɗansu sun yi zaton kashe shi aka yi don kuɗinsa, amma ba a taɓa tabbatar da haka a kan kowa ba. Shekarunsa 35. Aka binne shi a Honolulu, kusa da majami'ar Kawaiahao.

ABIN DA YA BARI

Douglas bai yi aure ba, bai tara dukiya ba. Amma ya kai wa ƙasar Biritaniya irin tsire-tsire wajen 240 waɗanda da babu su a can. Wani itace da ya aika da irinsa, mai suna Sitka, shi ne ya fi yawa cikin gandun dajin da a ke shukawa a ƙasar don katako. Furanninsa sun cika lambunan Turai. A 1841 mutanen Scone su ka gina masa hasumiyar tunawa, a 1934 kuma aka tara duwatsu a wurin da ya rasu a Hawai, don cikar shekara 100.

To, ina labarin 'yan tsire-tsiren faƙo? Takardun da ya busar da su a ciki sun isa hannun wani masani a Landan, George Bentham. A 1836, shekara 2 bayan rasuwar Douglas, Bentham ya buga bayani a kan dangin bakwit na daji, ya kuwa riƙe sunayen da Douglas ya raɗa wa da yawa daga cikinsu. Farin nan na rairayi shi ne Eriogonum niveum, watau mai kama da dusar ƙanƙara.  A 1856 kuma Bentham ya sa wa wani iri suna Eriogonum douglasii, don tunawa da shi. Ɗan tsiro ne mai shimfiɗuwa a ƙasa, yana fitowa a wurare masu tsakuwa a jihohin Washintan da Oregon da maƙwabtansu.

Bayansa masana da yawa sun bi sawunsa. Thomas Nuttall ya isa Kolambiya a shekarar da Douglas ya rasu, ya tara waɗansu irin. Waɗansu su ka biyo, kowa yana tsinkowa, yana rubuta wuri da rana. Da haɗa waɗannan rubuce-rubuce ne aka san iyakar inda kowane iri ya ke fitowa. Aka gane waɗansu sun bazu cikin ƙasa mai fāɗi, waɗansu kuwa ba su fitowa ko'ina a duniya sai a kan 'yan tuddai kaɗan, in aka haƙe wurin ko aka yi gini a kai, sun ƙare ke nan. Wanda bai san inda abu ya ke ba, yaya zai kiyaye shi? Har yau akwai tsire-tsiren da Douglas ya busar da hannunsa a ajiye a babban lambun Kew kusa da Landan, masana suna zuwa suna gwada nasu da su.

Ku yara, ba sai kun ƙetare teku ba. A bakin hanyarku ta zuwa makaranta akwai ciyayi da kuke takawa kullum. Nawa ne ku ka san sunansu? Ku tsinko ɗaya da furensa, ku tambayi tsofaffin garinku sunansa da amfaninsa, gama su ne masanansa na fari. Ku danne shi cikin takarda, ku rubuta inda ku ka same shi da ranar. Da haka Mutumin Ciyawa ya fara.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa ƙasar da ke gabas da duwatsun Kasked ta ke bushe?
2. Mene ne amfanin gashin da ke jikin ganyen bakwit na daji?
3. Yaya a ke adana tsiro don ya daɗe, me kuma a ke rubutawa tare da shi?
4. Wane taimako mutanen ƙasar na asali su ka yi wa Douglas?
5. Wane kuskure ya yi a kan dutsen Brown, me ya jawo shi?
6. Me ya ɓace a kogin Fraser a 1833?